Katunga, kufan da ya girmi Sabo

Mu 'yan Sabo in ana zancen tarihi, daga 1916 muke farawa, shekarar da aka yanka wa Hausawa unguwarsu a Ibadan, sai mu ɗora da goro da shanu. Ni dai wannan lissafi ya daina isata tun da na taka Katunga, tsohon birnin Alafin, sarkin Oyo, wanda Yarbawa ke kira Oyo-Ile.

Mota ta bi da mu ta Oyo da Ogbomosho har Igbeti. Daga nan sai hanyar burji cikin gandun dajin gwamnati, ƙarshenta kuwa ƙafa, jami'in gandun yana gaba. Ganuwar da Baturen nan Clapperton ya tarar a tsaye da ƙofofi goma a 1826 yanzu tudun ƙasa ce mai tsawo, itatuwa sun tsiro a gadon bayanta. Ga kukoki manya, ga tsingaro ko'ina ka sa ƙafa. A kan wani falalen dutse na durƙusa na shafa ramukan niƙa, sumul, kamar jiya matan suka tashi. Mutane na keta duniya zuwa Peru don ganin Machu Picchu, alhali Katunga na nan cikin jiharmu ta Oyo.

A zamanin Katunga, ƙarfin daular Oyo doki ne, doki kuwa ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando. Daga arewa fatake ke kawo shi ta Nufe da Borgu, tare da kanwa. Masu kula da bargar Alafin da ta hakimansa galibi Hausawa ne, haka wanzamai da masu tufka igiya da makiyaya. Kuma kada mu ɓoye: yawancinsu bayi ne, ba da son ransu suka zo ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai ina cikin kufan.

A 1817 Afonja na Ilorin, wanda ya yi wa Alafin tawaye, da goyon bayan Malam Alimi, ya kira bayin nan su gudo gare shi, suka amsa. Daga nan Oyo ba ta sake miƙewa ba. Wajen 1836 aka watse daga birnin, Alafin Atiba ya kafa sabuwar Oyo a kudu, 'yan gudun hijira suka cika Ibadan. Hausawan kuwa da dama sun zauna a Ilorin, inda har yau akwai unguwar Gambari, wato ta Hausawa, da Balogun ɗinta, wato shugabanta.