Yawan Jama'a da Mazauninsu a Lardin Kano

Lardin Kano, kamar yadda yake a ƙarshen mulkin Turawa, ƙasashen sarakuna huɗu ne, watau Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Cikin shekarar 1967 aka mai da shi Jihar Kano, sa'an nan cikin 1991 aka yanki Jihar Jigawa daga jikinta. Sunan lardi ya wuce, amma ƙasar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba. Mutanen da ke cikinta su ne suka yi ta ƙaruwa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda yawan nan ya samu, da kuma inda jama'a suka sami wurin kwana.

Birnin Kano tsohon gari ne. An ce Sarki Gijimasu shi ya fara ginin ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarauta, ya kafa kasuwar Kurmi. Mutanen da ba su ja ganuwa daidai bakin gidaje ba. Sun bar fili mai yawa a ciki domin noma da kiwo, saboda in abokan gaba sun kewaye gari kada yunwa ta ci mutane, kuma na ƙauye su sami wurin fakewa. Sa'ad da wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, ya zo Kano cikin 1851, ya kimanta mazaunan birni wajen mutum 30,000, ya ce da rani, lokacin da fatake ke sauka, sukan kai ninki biyun haka. Ya kuma tarar da gonaki sun fi gidaje cin fili a cikin ganuwa.

A zamanin nan haihuwa tana da yawa, amma mutuwa tana biye da ita. Agana da ƙyanda da zazzaɓi suna kwashe yara, yaƙi da hari suna watsa ƙauyuka, in damina ta ƙi kuma yunwa ta sauka. Ko bayan zuwan Turawa cikin 1903 abin bai yanke nan da nan ba, gama an yi babbar yunwa cikin 1913 da 1914 wadda ta hallaka mutane masu yawa a lardin, har waɗansu suka bar garuruwansu suka nufi kudu neman abinci.

Abin da ya fara juya al'amarin birni shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, da shekara ta kewayo kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, Kwarori suka zo, akawuna da leburori da 'yan kasuwa suka taho daga kudu. Tun da yake ba a bar baƙin nan su zauna cikin birni ba, sai aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Fagge, wadda tun da can zangon ayarin Buzaye ce, ta cika da baƙi 'yan Arewa. Tudun Wada ta tashi, Turawa kuma suka zauna Nasarawa da Bompai. Daga nan Kano ta zama gari biyu, na cikin ganuwa da na waje. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1926, En'e ta jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, ta kawo wutar lantarki, aikin asibiti kuma ya ƙarfafa.

Kafin a fara ƙidaya sosai, lissafin haraji shi ne ma'aunin yawan jama'a. Kowace shekara mai unguwa ya kai wa dagaci sunayen magidanta, dagaci ya kai wa hakimi, malaman haraji su rubuta. Don haka talakawa suka ɗauka duk wanda ya zo da alƙalami yana tambayar mutanen gida kuɗi yake nema, sai a ɓoye samari, a rage yawan yara. Duk da haka ƙidayar 1952 ta sami mutum wajen miliyan 3 da dubu 400 a lardin, Kano da kewayenta kuwa wajen 130,000. Ta 1962 aka soke ta saboda gardama, aka sake cikin 1963, aka ce lardin ya kai wajen miliyan 5 da dubu 800. Ƙari irin wannan cikin shekara 11 ya fi ƙarfin haihuwa kaɗai. Dalili kuwa shi ne, da can tsoron haraji ya sa ana ragewa, amma bayan samun mulkin kai yawan mutane shi ke kawo kujerun majalisa da rabon kuɗi, sai kowane yanki na Nijeriya ya so a ce ya fi yawa. Ƙidayar 1973 ita ma soke ta aka yi. Cikin 2006 aka sami mutum wajen miliyan 9 da dubu 400 a Jihar Kano, Jigawa kuwa fiye da miliyan 4 da dubu 300. In an haɗa, tsohon lardin ya ninka sau huɗu cikin shekara 54. Ƙidayar da aka shirya yi cikin 2023 ɗage ta aka yi.

Babban abin da ya kawo wannan ƙari shi ne raguwar mutuwar yara. Lamba ta kawar da agana, har cikin 1980 aka yi shela ta ƙare a duniya duka. Mota da jirgi suna kai hatsi inda aka yi fari. Aure da wuri da son yawan iyali kuwa suna nan yadda suke. Ban da haihuwa akwai ƙaura. Masu cin rani da almajirai sukan zo birni bayan kaka, waɗansu su koma da faɗuwar ruwa, waɗansu su zauna ke nan. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya koro mutane da yawa daga arewacin lardin da ƙasar Nijar, masana'antun Bompai da Sharaɗa kuma suka jawo masu neman aiki.

Ƙauyukan da ke kewaye da birni sun daɗe da cika. Manomin Kumbotso ko Ungogo ba shi da saurar da zai bari ta huta, gona ɗaya yake nomawa kowace shekara. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki. A da, da rani jakuna sukan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zuba a gona. Amma in magidanci ya rasu aka raba gado, gonar da ta ciyar da gida ɗaya sai ta koma 'yan gayauna, har ta kai wani rabonsa ba ya ba shi hatsin wata uku. Irin wannan ba shi da dabara sai sana'a ko tafiya birni.

Gidan Bakano na da, da tubali ake gina shi, a rufe da azara, a shafe da makuba, a sa indararo. Daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, sai cikin gida inda mata suke, da rijiya da madafa. Ginin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, sai dai yana son yaɓe kafin kowace damina. Inda aka haƙi ƙasar ginin nan ne ya zama kududdufi, shi kuwa ke shanye ruwan sama na unguwa. Da iyali suka yawaita, sai aka yi ta yanka tsakar gida ana ƙara ɗaki, zaure ya koma shago, gidan mutum ɗaya ya rabu uku ko huɗu tsakanin magada. Bulo da siminti da kwano suka maye gurbin tubali da azara. A Sabon Gari da Fagge da Gwagwarwa gidan haya ya yawaita, iyali guda cikin ɗaki guda, gida duka makewayi ɗaya.

Hukuma ba ta zauna haka kawai ba. Cikin 1963 aka zana tsarin shekara 20 na yadda Kano za ta faɗaɗa, daga baya aka gina rukunin gidaje kamar na Kundila da Gwammaja, cikin 1978 kuma doka ta sa ƙasa a hannun gwamna. Amma yawan jama'a ya riga tsari gudu. Talakan da ba shi da halin fulotin gwamnati sai ya sayi awon igiya, watau gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar ba tare da an fitar da titi ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. Haka gonakin Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi suka koma unguwanni. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 800 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye. Filin da magabata suka bari cikin ganuwa ya cika, ganuwar kanta an cinye ta a wurare da yawa, an cike kududdufai an yi gini a kai. Sakamakon haka, in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa hanya ya shiga ɗakuna. Cunkoso kuma abokin annoba ne, kamar yadda aka gani cikin 1996 sa'ad da sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa suka haɗu a Kano.

Yawan jama'a arziki ne in an yi musu tanadi, gama da shi Kano ta zama babbar kasuwar Arewa. Waɗanda suka ja ganuwa sun auna ta da jikokin da ba su gani ba. Abin da ya wajaba ga hukuma da masu unguwa da magidanta shi ne su ba da gaskiya ran ƙidaya, su fitar da hanya da magudana kafin a ɗora tubali, su bar wa ruwa wurinsa. Allah ya sa a gane.