Injinan lantarki na ƙarƙashin teku: yadda ruwa ke cin farfelar da ake iya sake sarrafawa

Sau biyu a kowace rana teku na cikowa, ya kuma janye, saboda jan da wata da rana ke yi masa. Inda mashigi ya ƙuntata, ruwan na gudu da ƙarfi, kuma a nan ake kafa injinan farfela a ƙarƙashin teku don samar da wutar lantarki. A shekara ta 2015 kamfanin Sabella na Faransa ya nutsar da irin wannan inji mai ƙarfin megawat 1 kusa da tsibirin Ouessant. A arewacin Sikotilan kuwa, tashar MeyGen na da injina 4, kowane megawat 1,5.

Da me ake ƙera farfelar?

Ruwan teku ya fi iska nauyi sau 800 da ɗoriya, don haka farfelar na shan matsi sosai. Ana ƙera ta da zaren gilashi ko na kabon da aka jiƙa da ƙaron roba, ya daskare. Dabarar ɗaya ce da ta magini mai kwaɓa ƙasa da ciyawa: zare ne ke ɗaukar nauyi, ƙaro ke riƙe zaren.

Ƙaron da aka saba da shi, wato epoksi, in ya daskare ba ya sake narkewa. Shi ya sa tsofaffin farfelu kan ƙare a juji ko a murhun masana'antar siminti. Kamfanin Arkema na Faransa ya fito da wani ƙaro mai suna Elium, wanda zafi ke iya warware shi, a raba shi da zare, a sake amfani da shi. A 2021 an gwada farfelar irin wannan ƙaro na wasu watanni a mashigin East River na birnin New York, a injin kamfanin Verdant Power.

Me ruwa ke yi mata?

Ana son injin ya yi shekara 20 zuwa 25 cikin ruwa, domin fito da shi gyara na cin kuɗi masu yawa. A tsawon wannan lokaci ruwa na ratsa ƙaron a hankali. Ƙaron ya ɗan kumbura, ya yi laushi, riƙon da ya yi wa zare ya sassauta. Da an samu ƙaramar tsaga, sai ruwa ya bi ta, lanƙwasar da farfela ke yi a kowane juyi kuma ta ƙara buɗe ta. Laushin na iya raguwa in an busar da kayan, amma inda zare ya saki ƙaro ba ya komawa. Wannan lalacewa na samun tsohon ƙaro da sabo, sai dai sabon bai daɗe a teku ba kamar epoksi, shi ya sa ake ta gwada shi.

Masu bincike, irin na cibiyar Ifremer da ke kusa da Brest, ba sa jiran shekara 20. Suna jiƙa guntayen kayan cikin ruwan teku mai zafin digiri 40 ko 60, suna auna nauyinsu har su daina shan ruwa, sannan su ja su ko su lanƙwasa su har su karye, a ga ƙarfin da ya rage.

Ina ruwan Maraɗi da wannan?

Nijar ba ta da teku, amma abubuwa biyu daga wannan bincike sun shafe mu. Na farko, ruwan ne ke shiga ƙaron, gishiri kuwa yana ma ɗan rage shigarsa. Galibi ruwan daɗi ya fi na teku ratsa irin waɗannan kaya. Na biyu, zafi na gaggauta lalacewar. Digiri 40 da ake amfani da shi a ɗakin gwaji don tsofar da kaya da sauri, shi ne zafin rana na yau da kullum a Maraɗi da Tibiri a watannin Afirilu da Mayu.

A gandarin noman rani na Jiratawa, inda rijiyoyin burtsatse ke shayar da zogale da kayan lambu, rayuwar manomi na rataye ga kayan da ke wuni cikin ruwa da rana. Duk mai tanki ko bututu ko wani sashen famfo na zaren gilashi, ya kamata ya yi masa inuwa, ya toshe duk wata ƙarzuwa da wuri, ya kuma lura da ƙuraje da ke tasowa a jikinsa, domin alama ce ta ruwa ya taru ƙarƙashin fenti.

Akwai kuma batun shara. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, ga shi har yau magudanan ruwan birni na toshewa da ita. Kayan zaren gilashi sun fi leda wuyar kawarwa. Kafin ƙungiyar manoma ko magajin gari su sa hannu a sayen irinsu, ya dace a tambayi mai sayarwa shekara nawa kayan ke jure ruwa da zafi, da kuma inda za a kai su in sun mutu.