Modem Mai Araha da Ya Ɗora wa Kwamfuta Aikinsa

A farkon shekarun 1990, wanda zai shiga intanet ta layin tarho sai ya mallaki modem, na'urar da ke mayar da bayanan kwamfuta sauti ta aika da su ta waya. Layin tarho ba ya rabuwa da ƙara, ƙara kaɗan kuwa ta isa ta ɓata saƙo. Shi ya sa hukumar CCITT ta amince da ƙa'idar V.42 a 1988 don gyaran kurakurai, sannan V.42bis ta biyo a 1990, wadda ke iya matse bayanai su koma kashi ɗaya cikin huɗu. Modem na ƙwarai shi ke yin ayyukan biyu da ƙwaƙwalwar da ke cikinsa.

Ƙwaƙwalwar nan ita ke ƙara tsada. Sai kamfanin Rockwell na Amurka ya fito da tsarin RPI, inda aka cire gyara da matsewa daga modem aka miƙa wa manhajar kwamfuta. Farashi ya sauka, kwalaye suka ci gaba da ɗauke da sunan V.42bis, masu saye da yawa kuwa ba su gane abin da suka saya ba sai da haruffan shirme suka cika musu allo, layi yana ta yankewa.

Saita irin wannan modem sai da haƙuri. Mutum zai buga umarnin ATI3 ya ga ko modem zai ambaci RPI, sannan ya nemi manhajar sadarwa da ta san tsarin, ko ya ɗora direban WinRPI a Windows. Wanda bai samu ba, sai ya kashe tsarin ya shiga layi babu mai tace masa kuskure.

A 1996 kamfanin US Robotics ya fito da Winmodem, aka ƙara rage kayan ciki. Wasu kamfanoni, irin su PCTel, har sarrafa sautin suka ɗora wa kwamfuta. Idan injin ba shi da ƙarfi, buɗe babbar manhaja kaɗai na iya yanke haɗi. Masu amfani da Linux sun fi kowa shan wahala, domin yawancin kamfanoni Windows kawai suka rubuta wa direba, suka kuma ɓoye sirrin na'urorin, har masu sa kai suka shafe shekaru suna neman mafita.

Araha ba ta ado. Modem na waje mai cikakken kaya yana jin umarnin AT da kamfanin Hayes ya shigo da su a 1981, don haka kowace kwamfuta mai mahaɗin da ya dace tana iya aiki da shi. Wanda ya dogara da manhaja kuwa, ranar da kamfani ya daina sabunta direbansa, ranar amfaninsa ya ƙare, ko da babu abin da ya lalace a jikinsa. Mai sayen firinta ko wata na'ura a yau ya dace ya tambaya: wane aiki take yi da kanta, wane kuma take jiran kamfani ya yi mata?