Sa Ido Kan Ƙwaƙwalwar Yara Yayin Tiyatar Zuciya

Kusan jariri ɗaya cikin 100 ake haifa da larurar zuciya. An fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya a Inugu cikin 1974, kuma yau ana yin ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja.

Yayin tiyatar, inji ke ɗaukar aikin zuciya da huhu, kuma ƙarancin jini na 'yan mintoci na iya lahanta ƙwaƙwalwa. Saboda haka manyan cibiyoyin duniya kan manna na'urar NIRS a goshin yaro don auna iskar oksijin, EEG kuma ta gano farfaɗiyar da ido ba ya gani. Da zarar awon oksijin ya sauka, likitoci kan ƙara gudun jini.