Sauti da hoto a cikin wasannin waƙa da aka ɗauka a kasat: daga dandalin samariya zuwa tsakar gida

Abin da Faransawa ke kira operet, wato wasan kwaikwayo mai gauraya magana da waƙa da rawa irin wanda Offenbach ya yi suna da shi a Paris tun 1858, ba shi da suna guda a Hausa. Amma abin kansa muna da shi. A Nijar ya bayyana sosai a zamanin Janar Seyni Kountché (1974-1987), sa'ad da aka farfaɗo da samariya, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, bikin da ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Ana gasar wasan kwaikwayo, da waƙa, da kuma « ballet », inda ake ba da labari ta hanyar kiɗa da rawa da amshi. A cikin wannan ɗan nazari ba mu da niyyar komawa kan jigon wasannin. Janet Beik ta yi aiki mai kyau a kan ƙungiyoyin Damagaram a littafinta na 1987. Tambayarmu ita ce: da aka ɗauki wasan a na'ura, mene ne ya isa kunne da idon mai kallo a gida, musamman a wuri mai nisa kamar Azagor, cikin yankin Dakoro?

Talabijin ya shigo Nijar a 1964 a matsayin kayan koyarwa a makarantu. Sai a ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin uraniyum, ya zama gidan talabijin na ƙasa ƙarƙashin ORTN, aka kuma rarraba akwatuna masu aiki da hasken rana a ƙauyuka don kallon taro. Saboda haka kalmar « gida » a nan tana bukatar hattara. A karkara, kallo a gida yana nufin akwati ɗaya a tsakar gida ko a ƙofar shago, da batir ko injin wuta yana ruri a gefe, mutane kuwa sun yi zobe.

Ɗaukar wasannin bikin matasa ɗauka ce ta kai tsaye, a fili, galibi da dare. Wanda duk ya kalli irin waɗannan hotuna ya san aibinsu. Kyamarorin lokacin suna jan wutsiyar haske idan fitila ta faɗo cikinsu, fuskoki kuma sukan nutse cikin duhu. Makirufo yana kafe wuri ɗaya, ƴan rawa kuwa ba sa tsayawa: zabiya ta matso a ji ta rangaɗau, ta juya baya muryarta ta ɓace ƙarƙashin ganga da algaita. Duk da haka muryar ta mai ita ce, a karin harshenta, a daren da ta rera. Ga mai nazarin harshe wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asara mafi girma ba a dandali ta faru ba, a wajen kwafi ta faru. Kasat ɗin VHS, wanda kamfanin JVC ya fitar a 1976, yana ajiye sauti a wani siririn layi da bai wuce milimita 1 ba a gefen zaren, zaren kuma yana tafiya santimita 2,34 a daƙiƙa, wato rabin gudun kasat ɗin rediyo (santimita 4,76). Da wannan jinkiri, abin da ya haura Hz 10.000 ba ya shiga, kuma kowane kwafi daga kwafi yana ƙara datse saman sautin, yana ƙara shuuu. Ƙura da zafi su cinye kan na'urar. Ga kuma dabarar da ke daidaita ƙarfin sauti da kanta: da an buga ganga sai ta rage komai, har da muryar mai waƙa.

To me harshe ya rasa a nan? Da farko mutum zai zaci karin sauti ne zai fara lalacewa, tun da Hausa harshe ne mai karin sauti. Ba haka ba ne. Tushen muryar mai magana yana ƙasa ƙwarai, yawanci tsakanin Hz 100 da 300, kuma wannan yanki yana tsira ko a kwafi na huɗu. Tsawon wasali ma haka. Baƙaƙe ne ke mutuwa. Zuzau irin su s da sh ƙarfinsu yana sama, kuma abin da ke raba tunkuɗau ƙ da ts daga k da s ɗan gajeren fashewa ne da shuuu ɗin kasat ke haɗiyewa. A « saya » da « tsaya » karin sauti yana ceto mai saurare, domin na farko ƙasa-sama ne, na biyu sama-ƙasa. A « kafa » da « ƙafa » babu mai ceto sai ma'anar jimla. Bahaushen Gobir zai cike gurbin ba tare da ya sani ba. Amma a Azagor, inda Hausawa ke zaune tare da Buzaye da Fulani, mai kallon da Hausa harshensa na biyu ne ba shi da wannan jari, kuma a ganinmu shi ne ya fi cutuwa da mummunan kwafi.

Daga 1990 wata hanya ta buɗe ta kudu. A shekarar ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano masu waƙa da rawa, irin su Sangaya, sun cika kasuwa. A Nijar aka laƙaba musu « dandalin soyayya ». Kasat yakan taso daga kasuwar Ƙofar Wambai, ya bi ta Katsina da Jibiya ya shigo Maraɗi, sa'an nan ya yi arewa fiye da kilomita 100 zuwa Dakoro, ana iya sake kwafarsa a kowane zango. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise (2008), ya nuna yadda dusasshen hoto da gurɓataccen sauti suka zama kamannin da mai kallo ya saba da su a Kano kanta. Ƙetare iyaka ya ƙara wata matsala da gadon mulkin mallaka ya haifar: Najeriya tana kan tsarin launi na PAL, Nijar kuwa ta gaji SECAM daga Faransa. Kasat ɗin PAL a akwatin da SECAM kaɗai ya sani sai ya fito baƙi da fari. Rawar da aka shirya don a nuna shadda da leshi kala-kala ta koma toka-toka, har sai da akwatuna masu karɓar tsari biyu suka yawaita.

A waɗannan finafinai aibin sauti ya juya. Waƙar a ɗakin ɗauka ake yin ta, da fiyanon lantarki, mawaƙi daban, ɗan wasa kuma yana motsa baki kawai. Sai waƙa ta fito tas da ƙarfi, hirar da aka ɗauka a fili kuwa ta yi can ƙasa, mai gida yana ta murɗa akwati sama da ƙasa. Ɗalibin da ya ɗauki baitin irin wannan waƙa ya jingina lafazinsa ga jarumar da ya gani a hoto ya jingina shi ga wadda ba ta furta shi ba. Faifan VCD da ya biyo baya ya kawar da lalacewar kwafi, amma hotonsa ɗigo 352 ne sau 288, kuma idan ya karce sai ya daskare. Katin waya ya zo ya ƙara matse sauti don fim ya shiga ƙaramin wuri, matsewar kuma daga sama take fara yanka.

Saboda haka muna ganin duk mai juya irin waɗannan wasanni zuwa rubutu ya kamata ya faɗi abin da ya saurara: asali ne ko kwafi, kai tsaye aka rera ko a ɗakin ɗauka. Mu ɗauki hw na Hausar yamma, inda mutumin Maraɗi ke cewa « hwaɗi », Bakano ya ce « faɗi ». A kwafi na uku bambancin yakan yi rauni har mai rubutawa ya sa abin da kunnensa ya saba ji, ta haka wasan samariyar Dakoro zai iya shiga kundin digiri da lafazin Kano. Gyaran wannan kuskure yana bukatar komawa ga zaren asali, zaren maganaɗisu kuwa shekaru 10 zuwa 30 ake ba shi, ko a ɗaki mai sanyi. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016.