Yadda ake sa wa katun fata da tufafi a cikin kwamfuta

Bayan shirinmu na matasa na makon jiya, masu saurare da dama sun turo saƙon murya da tambaya iri ɗaya: waɗannan zane-zane masu motsi da yara ke kallo a waya, yaya ake yi har rigar mutum ta fito kamar shadda ta gaske, ruwa kuma ya riƙa gudu? Wani ɗan'uwa da ke zaune a Libiya ma ya ce ɗansa na son koyon aikin, shi kuwa bai san ko wasa ba ne ko sana'a. Mun tattara bayanin a nan saboda wanda bai ji shirin ba, da wanda zai karanta wa na gida.

Da farko mai aikin yakan gina siffa a cikin kwamfuta, ko ta mutum ko ta saniya ko ta tulu, kamar yadda yaro ke gina saniyar laka. Siffar nan ba ta da launi, toka-toka take, kuma an haɗa ta ne da dubban ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu. Sai an lulluɓa mata hoto sannan take zama abin da ido ya sani. Wannan hoton da Faransanci ake ce masa tekstir, mu dai a nan za mu kira shi fata. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Catmull ne ya bayyana dabarar a 1974, lokacin yana karatu a jami'ar Utah. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar, mai fim ɗin Toy Story na 1995, dogon katun na farko da aka yi shi kacokan da kwamfuta.

To, ga inda wuyar take. Hoto a shimfiɗe yake, siffa kuwa tana da ciki da doro da ƙafafu. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya riga ya san maganin. Ana tsaga fatar ta ciki, a bi ta ƙafafu, a ɗaye ta, a shanya ta a ƙasa a kafe da ƴan turaku. Haka mai katun yake yi: yakan zaɓi inda zai tsaga siffar, kwamfuta ta baje ta a fili, ya zana ko ya ɗora hoto a kan abin da aka baje, sannan a mayar. Kowane gurbi a jikin siffar yana da adireshinsa a kan hoton, lamba biyu da ake kira U da V. Gwani yakan ɓoye tsagar a hammata, ko ƙeya, ko ƙarƙashin ciki, kamar tela da ɗinkinsa. Idan aka ja fatar fiye da kima a wani wuri, zanen atamfa zai miƙe ya zama wani abu dabam. Shi ya sa kafin a sa hoton gaske ake gwadawa da hoto mai gida-gida baƙi da fari, a ga ko gidajen sun tsaya daidai.

Fata ɗaya ba ta isa. Akwai ta launi. Akwai wata baƙi da fari da ke gaya wa kwamfuta inda abu ke sheƙi da inda ya dushe, shi ne bambancin tasa sabuwa da tukunyar ƙasa. Akwai kuma ta kaushi, wadda Jim Blinn ya fito da ita a 1978. Ita wannan ruɗin ido ce zalla: siffar tana nan sumul, haske ne kawai ake sa ya faɗi kamar akwai tsagu da ƙuraje. Ku duba gefen abin da kyau, za ku ga sulɓinsa bai tafi ba.

Saura motsi. Mu ɗauki Komadugu lokacin da ta kawo ruwa. Mai katun ba ya zana kowane digo. Yakan shimfiɗa fili dogo, ya ɗora masa fatar ruwa, ya ce wa kwamfuta: a hoto na 1 fatar tana nan, a hoto na 240 ta matsa zuwa can. Kwamfuta ta cike tsakani. Da yake fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, ka samu daƙiƙa 10 na kogi mai gangarawa Bosso, alhali filin ko motsi bai yi ba, fatar ce ke zamewa a kansa. Idan aka ɗora biyu, ɗaya na sauri ɗaya na jan ƙafa, abin ya fi kama da gaske. Ƙifta ido da motsin baki a katun masu araha su ma haka ne, hotuna ake musanyawa a fuska ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi da ƙura da harshen wuta kuwa sau da yawa ba hoto ba ne sam, lissafi ne kwamfuta ke yi, bisa wata dabara ta Ken Perlin da ta jawo masa lambar yabo ta Oscar a 1997.

Kada wani ya ce wannan harka ta Turawa ce kaɗai. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, yana cikin waɗanda suka fara katun a Afirka. Ya je Kanada ya ƙaro sani a wajen Norman McLaren, ya yi La Mort de Gandji a 1965 da Bon Voyage Sim a 1966, inda ya sa kwaɗi suna kwaikwayon manyan ƙasa. A Samba le Grand na 1977 ƴan tsana ya motsa da hannu, a Kokoa kuma ya kai kwaɗi filin kokawa. Ya daɗe yana aiki a Tawa, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Wanda ya kalli aikinsa ba sai an gaya masa ƙasar da aka yi shi ba.

Nan ne muke da magana. Fatun da ake samu kyauta a intanet yawanci na wasu ƙasashe ne: jan bulo, daɓen katako, ciyawa shar. Da su ake haɗa wasu katun na faɗakarwa kan wanke hannu ko rigakafi, a kawo su ƙauye, tsohuwa ta kalla ta ce ai wannan ba da mu ake ba. Saƙon ya faɗi tun daga bangon ɗaki. Alhali kayan suna gabanmu: zana, katangar laka mai tsagu, tattasai a shanye, bandar kifi, ƙwaryar nono mai zane ta matan Fulani, ƙahon shanun Kuri. Wayar hannu ta isa ɗaukar su. A tsaya daidai gaban abin, ba a karkace ba, kuma a ɗauka a inuwa ko ranar hazo, domin idan inuwar rana ta shiga hoton za ta manne wa siffar duk inda ta juya. A nemi izinin mai abu. Kuma a halin da yankinmu yake ciki, kada a ɗaga waya kusa da wurin jami'an tsaro.

Manhajar da muke ba da shawara ita ce Blender, ta wani ɗan ƙasar Holand, Ton Roosendaal. Kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025. Sai dai a kwamfuta take aiki, kuma tana cin wuta da lokaci. Minti ɗaya na katun hoto 1,440 ne. Idan kowane hoto ya ɗauki kwamfuta minti 2, awa 48 ke nan ba a kashe ta ba. Wanda ke Tumur yana dogaro da sola ya rage girman fatunsa, 1,024 a kowane gefe ya wadatar da mai koyo, kuma ya riƙa fitar da aikin hoto-hoto, ta yadda in wuta ta ɗauke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ga ɗan'uwanmu na Libiya: a ce wa yaron ya fara da ƙwarya guda, ya tsaga ta, ya baje, ya ɗora mata zanen ta gidansu, kafin ya taɓa fuskar mutum.