Rubutun Da Ke Jikin Kuɗi

 Wadda duk ke da tsohuwa a gida, ta roƙe ta ta kwance ƙullinta, wataƙila a tarar da anini mai huda a tsakiya. Ku duba shi da kyau: akwai rubutun boko, akwai kuma na Larabci. Me ya kawo Larabci a kuɗin Turawa?

A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, da wuri ake ciniki. Wuri ba shi da rubutu, ƙirga shi ake yi. A Kano a 1851, sai an tara wuri 2,500 kafin a sami dala guda ta azurfa.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka hana shigo da wuri a 1904, sannan a 1907 suka buga kwabo da anini. Sun san malamanmu da fatakenmu haruffan Larabci suke karantawa, kuma mutum ba ya sakin jiki da kuɗin da bai gane ba. Shi ya sa suka rubuta darajar kuɗin da Larabci.

Wannan dabara tsohuwa ce. Da can, lokacin da Rumawa ke mulkin ƙasashen da a yau ake kira Turkiyya, Siriya da Masar, harshen mulkinsu Latin ne, amma biranen can da Girkanci suke karatu. Sai biranen suka riƙa buga kuɗin tagulla, gefe guda kan sarkin Rum, rubutun kuwa na Girkanci. A Iskandariyya ta Masar an yi haka har wajen shekara ta 296.

Mu ma da naira ta zo a 1973, da ajami ta zo. A 2007 aka cire shi daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, aka sa Hausa da boko. Yana nan dai a jikin 200, 500 da 1,000.

To, ke da ke sana'a a ɗaki, yara na kawo miki cinikin talla, iya karanta abin da ke hannunki shi ne garkuwarki, da ajami ne ko da boko. Aninin kaka kuwa kada a yar, a adana wa jikoki.